Ɗalibai 150 a Aji, Ba Kayan Aiki: Ta Ina Malamin Injiniya Zai Fara?

Tambaya: "Ranka ya daɗe Injiniya, barka da aiki. Wata takwas ke nan da aka ɗauke ni koyarwa a sashen injiniyan lantarki na wata jami'a a nan Arewa. Kullum sai mu ji kamfanoni na cewa ɗalibanmu ba su iya komai ba, sai an koya musu daga farko. A tarurruka kuma ba a da zance sai na sababbin dabarun koyarwa. To ni ɗalibai 150 gare ni a aji ɗaya, rabin injunan ɗakin gwaje-gwaje sun lalace, wuta kuma sai ta ga dama. Dabarun nan na ƙasashen masu kuɗi ne kawai, ko akwai abin da irina zai iya yi?"

Amsa: Malam, barkanmu dai, Allah Ya sanya albarka a wannan aiki da ka kama. Tambayarka ta taɓa ni, domin na zauna a ɓangarorin biyu. Na yi shekaru ina karɓar sababbin injiniyoyi a masana'anta, daga baya na dawo aji ina yaye su. Akwai abin da za ka iya yi, kuma mafi yawansa ba ya jiran kuɗi. Amma bari mu fara sanin me ake nufi da "ba su iya komai ba", don kada mu sha maganin ciwon da ba shi ke damunmu ba.

A wani kamfanin gyaran shinkafa da na yi aiki, mun ɗauki wani matashi mai kyakkyawan sakamako, natsattse, ga kaifin ƙwaƙwalwa. A mako na uku sai wani moto, wato injin lantarki, mai layi uku da ke juya injin ɓare shinkafa ya fara gurnani, jikinsa ya ɗau zafi, na'urar kariya ta riƙa yanke shi. Ga tireloli a waje suna jiran lodi. Matashin ya ɗauko biro da takarda ya shiga lissafi, daga ƙarshe ya kawo shawarar a ƙara wa na'urar kariyar lamba don ta daina yankewa. Wani dattijo mai gyaran wuta, wanda iyakar karatunsa makarantar koyon sana'a, bai ce uffan ba. Ya ɗauko mitar nan mai baki kamar filaya, ya maƙala wa wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Biyu suna jan wuta fiye da kima, ta ukun shiru. Ya kashe wuta ya buɗe akwati, ga fiyus ɗaya ya ƙone, bakin mariƙinsa ya yi baƙi saboda ya daɗe a kwance. Cikin minti goma aka tashi injin. Da an bi shawarar matashin, da koyil ya ƙone ƙurmus, a yi kwanaki ana jiran mai naɗi.

Da yamma na zaunar da yaron. Wallahi ya zana mini a takarda duk abin da ke samun moto idan layi ɗaya ya ɗauke, da lissafinsa tsaf. Ya fi dattijon sanin karatun nesa ba kusa ba. Abin da ya rasa shi ne ɗabi'ar aunawa kafin magana. Shekara biyar ya yi yana amsa tambayoyin da aka riga aka ba shi dukkan alƙalumansu, ba a taɓa ajiye shi gaban abin da ya lalace an ce masa "nemo dalili" ba. Wannan shi ne kukan kamfanoni. Ba so suke injiniya ya fi mai walda iya walda ba. So suke ya iya aunawa, ya iya karanta zane da farantin bayanin da ke manne jikin inji, ya san farashin abin da ya zana, ya rubuta rahoton shafi ɗaya da manaja zai fahimta, ya kashe wuta ya gwada kafin ya sa hannu, kuma idan bai sani ba ya tambaya.

Adalci kuma ya sa in ce laifin ba na makaranta kaɗai ba ne. Babu jami'ar da ke yaye gogaggen injiniya a ko'ina a duniya. Shi ya sa COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya tun 1970, ba ta yi wa mai digiri rajistar cikakken injiniya sai ya yi aƙalla shekara huɗu yana aiki. A da, rabin tarbiyyar masana'antu ne ke yin ta. Wanda ya gama a Zariya ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a wajejen 1980, ga Kakuri a gabansa da masaƙu jere, ga kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a 1975, ga matatar mai da aka buɗe a 1980. A Kano ga Bompai da Sharaɗa da Challawa, a Bauchi ga kamfanin haɗa motoci na Steyr. NEPA da ma'aikatun ayyuka kuma suna da tsarin injiniya ɗan koyo, inda sabon shiga zai zagaya sassa a ƙarƙashin na gaba da shi kafin a damƙa masa komai. Da masaƙun suka rufe, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta bi sahu a 2007, wannan makaranta ta biyu ta tafi tare da su. Kamfanonin da suka rage suna son wanda zai kama aiki ranar farko, ba su da haƙurin renon kowa. Nauyin sai ya dawo kan aji, ajin kuwa bai canza salo ba.

To ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai a amsar nan. Ɗalibi ba ya koyon abin da ka koyar, abin da ka ba wa maki yake koya. Tun makon farko yake tambayar 'yan ajin gaba inda maki yake, ya nufi can. Idan maki 70 na ga rubuta abin da ke cikin handawut, zai haddace handawut, ya zuba maka ranar jarrabawa, ya manta kafin a dawo hutu, kuma ba ka da bakin zarginsa. Na ga sassan da aka sayo majigi da allon zamani aka kakkafa, amma tambayoyin jarrabawa suna nan yadda suke shekara goma da suka wuce. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Duk dabarar da ba ta taɓa rabon maki ba, ado ce.

Saboda haka gyaran farko a takardar tambayoyinka yake, kuma ba ya cin ko sisi. Maimakon ka ba da alƙaluma huɗu ka ce a nemo na biyar, ɗauki hoton farantin bayanin wani moto na gaske, ka ce yana nesa da akwatin wuta da mita 80, a zaɓo masa kaurin waya da girman na'urar kariya, a faɗi dalili. Ka sa bayanan da ba a buƙata a ciki, ka rage ɗaya da ake buƙata don ɗalibi ya yi ƙiyasi ya kare ƙiyasinsa, tunda haka matsala ke zuwa a wurin aiki. Ka bari su shiga da jadawalin wayoyi, domin babu injiniyan da ke haddace shi. Za su yi ƙorafi a karon farko. Ka fara da tambaya ɗaya cikin biyar, ka kuma yi irinta da su a aji sau da yawa kafin ranar, don kada ta zame musu kwanton ɓauna.

Batun yawan ɗalibai kuwa, dabarar da ta fi dacewa da kai a babban aji ma aka ƙirƙiro ta. Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard, ya gano a farkon shekarun 1990 cewa ɗalibansa na cin jarrabawar lissafi amma suna faɗuwa a tambayoyin fahimta masu sauƙi. Sai ya rage surutu. Zai jefa tambaya ɗaya mai zaɓi, kowa ya zaɓa shi kaɗai, sannan ya ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi, a sake zaɓe. Ba ka buƙatar na'ura. Kowa ya ninke takarda huɗu ya rubuta A, B, C, D, ya ɗaga. Gwada wannan a ajinka: ƙwan fitila biyu irin na da masu zare a ciki, ɗaya wat 60 ɗaya wat 100, an jera su a waya ɗaya, wutar da ta ratsa wannan ita ke ratsa wancan. Wanne zai fi haske? Mafi yawa za su ce mai 100. Kada ka faɗi amsa. Ba su minti uku su yi gardama, za ka ji aji ya kaure kamar kasuwa, wasu da Turanci wasu da Hausa, kuma ka bar su, domin fahimta ake nema. Can za ka ji wani yana cewa ai mai 60 ya fi turjiya, kusan om 880 ne a kan volt 230, mai 100 kuwa 529, tunda kuma wutar da ke bi ta cikinsu ɗaya ce, mai turjiyar zai fi ɗaukar zafi. Daga nan ka fito da ƙwayayen biyu daga jaka ka haɗa a gabansu. Gani ya kori ji. Wanda ya yi rantsuwa a kan mai 100 ya ga mai 60 ya haska, ba zai ƙara mantawa ba har ya tsufa.

Wannan ba ra'ayina ba ne kawai. A 2014 wasu masu bincike a Amurka ƙarƙashin Scott Freeman sun tattara sakamakon nazarce-nazarce 225 a kan darussan kimiyya da lissafi da injiniya, suka tarar kusan kashi 34 cikin ɗari na faɗuwa a ajin lakca zalla, a ajin da ake sa ɗalibai aiki kuwa kusan kashi 22. Za ka ce ina lokacin gama manhaja? Abin da ɗalibi zai iya karantawa da kansa, ka tura masa ta WhatsApp kafin aji, shafi biyu da ɗan saƙon murya na minti biyar, wanda ba zai cinye masa data ba. Ka buɗe aji da tambaya ɗaya mai maki a kan abin da ka tura, in ba haka ba babu mai buɗewa.

Sai babban al'amarin, wato aikin da ke da mai shi. Jami'ar Aalborg ta ƙasar Denmark tun buɗe ta a 1974 ta gina karatunta a kan haka, kusan rabin kowane zango ɗalibai na cikin ƙungiya suna warware matsala guda. A shekarar 2000 kuma jami'ar MIT ta Amurka da wasu jami'o'i uku na Sweden suka fito da tsarin CDIO, wanda ma'anarsa ita ce ɗalibi ya yi tunanin abu, ya zana shi, ya ƙera shi, ya kuma tafiyar da shi. Mu a nan mukan tsaya a mataki na biyu, aikin kammala karatu da ake kira furojet ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura. Abin da ke raya furojet shi ne a sami mutumin da zai ji haushi idan abin bai yi aiki ba.

Bari in nuna maka da wanda na fi so. Wata makarantar kwana tana da rijiyar burtsatse, tana son a mayar da ita kan sola, tana buƙatar lita 10,000 a rana. A aji lissafin ba shi da wuya. A ce ruwa na sauka zuwa mita 35 idan ana ja, tanki na sama da mita 8, gogayyar bututu ta ci kamar mita 7, jimla mita 50. Ɗaga lita 10,000 zuwa mita 50 na cin kusan kilowat-awa 1.4. A raba a kan awa biyar na rana mai ƙarfi, lita 2,000 ke nan a awa, wajen wat 270. Famfo da motonsa ba su cika mayar da ko rabin wutar da suka ci zuwa ɗaga ruwa ba, don haka a ce wat 600. Ɗalibi mai ƙoƙari zai kawo nan ya ja layi biyu, ya jira maki.

A wurin ne kuma aikin injiniya ke farawa. Lambar da ke bayan farantin sola a zafin digiri 25 aka auna ta, alhali a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato jikin farantin kan haura digiri 60, yana kuma asarar kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri, wato wajen kashi 15 sun tafi. Ƙurar hunturu ta zo ta ci nata rabon. Wat 600 ya koma 800 ko fiye. Sannan wa ya ce rijiyar na iya ba da lita 2,000 a awa? Ƙungiyar ɗalibaina da ta je da bokiti mai lita 20 da agogon waya ita ce ta dawo ta ce mini bayan minti arba'in ruwan ya fara tsinkewa yana zuwa da iska. Duk lissafinsu ya rushe, dole a rage girman famfo, a tsawaita awannin ja, a sa na'urar da za ta kashe shi idan ruwa ya janye don kada ya ƙone. Suka shiga kasuwa suka tarar famfon da suka zaɓa a intanet babu shi, ga kuma waya iri biyu masu lamba ɗaya, ɗaya jan ƙarfe zalla ɗaya an yi mata coge, farashi ya bambanta. Shugaban makarantar ya tambaye su wa zai riƙa wanke farantan, da kuma yadda za a hana ɓarayi kwance su. Wata ɗaliba a cikinsu ta ce mini, "Malam, ashe lissafin shi ne mai sauƙin." A zango ɗaya sun taɓa lantarki, sun taɓa ilmin ruwa, sun yi kasafi, sun yi ciniki, sun tsaya gaban dattijo sun kare shawararsu. Ba a sayi faranti ko ɗaya ba a lokacin, abin da suka miƙa zane ne da jerin kaya da farashi, amma irin wanda za a iya ba ɗan kwangila gobe.

Irin waɗannan ayyuka sun cika gari. Mai injin niƙa da ke kukan kuɗin wuta, asibitin unguwa da batiransa ke mutuwa duk shekara, taransfomar cikin jami'arku da layi ɗaya ya fi sauran ɗaukar kaya. Harabar makarantarku kanta ɗakin gwaji ce, ga janareto, ga famfuna, ga akwatunan rarraba wuta. Ka je ka gaida daraktan ayyuka, ka roƙi ya bar ɗalibai su riƙa bin ma'aikatansa.

Ɗalibai 150 ƙungiya 25 ke nan ta mutum shida, kuma matsala uku ko huɗu sun ishe su, ƙungiyoyi da yawa su yi abu ɗaya a kwatanta. Inda aikin ƙungiya ke lalacewa shi ne mutum biyu su yi, huɗu su sa suna. Maganinsa tambayar baka. Minti goma ga kowace ƙungiya, kai ne za ka nuna wanda zai amsa, rabin makin na ƙungiya rabi na mutum. Wannan kuma shi ne maganin kwafe daga ChatGPT da ire-irensa. Ban hana su amfani da shi ba, tunda a wurin aiki ma za su yi, amma wanda na tambaya dalilin zaɓen wannan kaurin waya ya yi zuru, ya san makinsa. Ka kuma sa ido a kan ɗalibai mata. Idan ka bar ƙungiya ta raba aiki da kanta, sai ka tarar an mayar da su marubutan rahoto, maza sun riƙe mita da sukundireba. Ka sa a riƙa juya aikin, kowa ya auna, kowa ya rubuta.

Game da kayan aiki, ba zan ce maka rashinsu ba matsala ba ne, matsala ce babba, kuma a ci gaba da nema daga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da tsofaffin ɗalibai. Amma injin da ya lalace shi ma malami ne. Waɗancan da ka ce suna jibge a ɗakin gwaji, ka nemi izini a rubuce, ka ba kowace ƙungiya ɗaya ta kwance, ta zana abin da ta gani, ta gano abin da ya mutu, ta kawo farashin gyara. Wasu za su tashi, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Tsofaffin injunan moto masu layi uku da sitabilaiza da injin sanyaya ɗaki suna nan a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano a farashin gwangwan. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ke maƙwabtaka da tsohuwar Panteka, ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, kuma abin koyi ne. Ka gayyato mai naɗin koyil ya yi awa biyu da ɗalibanka, ka karrama shi yadda za ka karrama farfesa, ka ba shi kuɗin mota. Shi zai nuna yadda ake yi, kai ka bayyana dalilin da ya sa ake yin hakan. Haka kuma masu kula da ɗakin gwaji na sashenku. Da yawansu sun fi mu sanin injunan, an dai saba raina su ne. Ka jawo su jiki tun yanzu.

Manhajojin kwamfuta na kyauta irin su LTspice da Octave da FreeCAD da EPANET suna rage asara sosai, kuma suna aiki ba intanet. Sharaɗina ɗaya ne. Kafin ɗalibi ya danna maɓalli, ya rubuta ƙiyasin amsar da hannu. Wanda bai san amsar da ya kamata ta fito ba, duk lambar da kwamfuta ta ba shi zai karɓa.

Yanzu SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, wanda ɗalibai ke kira IT. Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, shi ya fito da shirin a 1973, saboda wannan kuka dai da kake ji yau. Ka ga ashe ciwon ya daɗe. Tunanin mai kyau ne, kuma yana da asali. Tun 1906 Herman Schneider ya fara irinsa a Jami'ar Cincinnati ta Amurka da ɗalibai 27, mako ɗaya a aji mako ɗaya a masana'anta, kuma abin da ya riƙe tsarinsa shi ne makaranta ce ke nemo gurbi, tana kuma bibiyar abin da ake koya. Mu a nan ɗalibin aji huɗu na da wata shida cur, zango guda ke nan da ɗoriya, amma mukan miƙa masa wasiƙa mu ce ya je ya nema. Mai uwa a gindin murhu ya sami kamfanin siminti ko tashar wuta, marar gata ya ƙare a ofishin da babu ko filaya, yana sayo wa ma'aikata abinci, ranar Juma'a ya zauna ya cika logbuk da abin da bai yi ba. Alawus ɗin da ya shekara da shekaru a naira 2,500 a wata ba ya kai ɗalibi ko'ina, don haka kowa na neman kusa da gida ko da babu abin koyo. Wannan asarar wata shida tana ci mini rai fiye da rashin kowace na'ura.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ɗalibai na aji uku ya kamata sashe ya san inda kowa zai je. Ka roƙi shugaban sashe ya ba ka wannan aiki, babu mai yi maka rububinsa. Ka buɗe rajistar tsofaffin ɗalibanku da inda suke aiki, domin su ne ƙofa, kiran waya ɗaya daga tsohon malami ya fi wasiƙa goma. Kada ka raina ƙananan wurare. Kamfanin haɗa sola mai ma'aikata takwas, ko injin gyaran shinkafa a Kura ko Haɗeja ko Argungu, sau da yawa ya fi babban ofishi amfani, domin a can za a miƙa wa yaro sufana. Kafin ya tafi a rubuta abu biyar da zai iya yi da hannunsa idan ya dawo, mai kula da shi a wurin ya sa hannu. A kuma ɗora masa neman matsala ɗaya ta wurin, ya auna ta, ya dawo da ita ta zama furojet ɗinsa na aji biyar. Da haka kamfani zai ga riba a karɓar ɗalibi, badi shi zai kira ka. Inda kuɗin zuwa duba su bai samu ba, kiran bidiyo na minti biyar ba tare da sanarwa ba ya wadatar: nuna mini inda kake tsaye, nuna mini abin da ka taɓa yau.

Idan manya a sashe suka ce maka ba haka aka saba ba, kana da madogara. A watan Yunin 2023 COREN ta zama mamba ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washington, wadda aka ƙulla tun 1989 don ƙasashe su amince da digirin injiniya na juna, kuma a lokacin Afirka ta Kudu ce kaɗai cikakkiyar mamba daga nahiyar nan. Yarjejeniyar ta ginu ne a kan sabon tsarin tantance kwasa-kwasai, wanda ba ya tambayar me aka koyar, sai me ɗalibi ya iya, da kuma hujjar hakan. Yana buƙatar a riƙa jin ta bakin masana'antu, a kuma nuna ɗalibai sun warware matsaloli masu sarƙaƙiya. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC ma a manhajar CCMAS da ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da yankinta. A nan ne sola da ban-ruwa da injunan sarrafa amfanin gona ya kamata su shiga. Tsorona ɗaya, kada abin ya koma cika fom. Na ga inda aka kwana uku ana jera fayil saboda masu tantancewa na tafe, suna juya baya aka koma gidan jiya. Rahoton ɗalibanka na rijiya da makin tambayar baka su ne hujjar gaske, ka adana su.

Kai ma kanka, Malam, da sauran aiki a gabanka. Idan daga digiri na farko ka wuce na biyu ka shigo aji, to abin da ya sami wancan matashi na kamfanin shinkafa yana iya samunka, kuma ba abin kunya ba ne, tsarin ne ya zo da haka. Dogon hutun nan mai zuwa ka nemi wani kamfani ko ɗan kwangilar lantarki ka bi su wata biyu, ko ba biya. Ka sa takalmin aiki, ka riƙe mita, ka tambayi masu gyara ba tare da girman kai ba. Ka shiga tarukan reshen ƙungiyar injiniyoyi ta NSE na garinku, can za ka haɗu da masu ba ɗalibanka gurbi. Ka fara tara abin da za ka nema rajistar COREN da shi.

Kada ka ɗauki duka a lokaci ɗaya, za ka gaji ka watsar. A zango mai zuwa zaɓi kwas ɗaya. Cikin makin gwaji 30 ko 40 da ke hannunka, ware 20 ga aikin ƙungiya mai mai shi, ka sa tambayar gardama ɗaya a kowace lakca, da tambaya ɗaya irin ta wurin aiki a jarrabawa. Ka kai wa shugaban sashe tsarin a rubuce kafin a fara, ka nemi wani babban malami ya zauna tare da kai ranar tambayar baka, don ya zame maka shaida idan ƙorafi ya taso. Kafin kuma ɗalibi ko ɗaya ya kusanci akwatin wuta, ka ware lakca guda cur a kan kashe wuta, kulle makunni, da gwadawa da mita, kowa ya yi a gabanka ɗaya bayan ɗaya, wanda bai yi ba kada ya fita fili. Idan zangon ya ƙare ka rubuto mini yadda ta kaya, musamman abin da bai yi ba, mu duba tare.